Gadin Barcin Maigidana

Ni ce muguwar gidan nan, kowa ya sani. Ku tambayi mai shagon da ke bakin ƙofa, ku tambayi matar da ke samanmu, ku tambayi yayar mijina, duk bakinsu ɗaya. Mai Gadi suke ce mini, wai a bayan idona, sai ka ce bangon gidan haya yana riƙe magana. To na ji, na kuma karɓa. Amma tunda kowa ya faɗi nasa, yau ni ma sai na amayar da nawa.

Mijina mai gyaran famfo ne. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun kafin in aure shi, kowa Ba Komai yake kiransa, don ita ce maganar da ba ta barin bakinsa. Ka tashe shi yana tsakiyar cin abinci, ba komai. Ka sa shi ya zura hannu cikin ƙazantar bayan gidanka har gwiwar hannu, ba komai. Da idona na ga wani ƙato ya take masa ƙafa a layin asibiti, shi ya juya ya ba ƙaton haƙuri. Mutane suna cewa na yi dacen miji. Su zo su zauna da shi su gani, mutumin da bai iya ce wa kowa a'a ba.

Gidan da muke haya tsohon bene ne, mu muna ƙasa. Bututun ruwan gidan sun girme ni, kullum sai wani wuri ya yi yoyo. Kuma tunda Allah ya haɗa su da mai gyara a cikin gida, ba wanda ya taɓa neman wani a waje. Shi kuma tun asuba yake fita aikinsa, ya dawo da rana ya ci abinci, to a nan ne suke tare shi. Cokali yana hannunsa za ka ji ƙwanƙwasa. Ya ajiye, ya ɗauki jakar kayan aiki, ya hau sama. Haka muka yi shekara da shekaru.

Sai ranar da aka kawo mini shi a bayan motar wani, bakinsa ya karkace, hannun hagu yana lilo kamar ba nasa ba. Shanyewar ɓarin jiki, in ji asibiti, hawan jini ne ya kai shi. Ba zan faɗi yadda na yi kwanakin nan ba, don in na fara sai kuka ya hana ni ƙarasawa. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, bakin ya koma daidai, hannun ya dawo, sai dai ba ƙarfi kamar da.

Ranar da za a sallame mu, likitar ta zaunar da mu. Mace ce mai magana a hankali, amma ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce ya sha magani, a rage masa gishiri, ya rage aiki. Sannan ta dube ni, ba shi ba, ta ce, "Mama, mutumin da yake tashi tun duhu, jikinsa yana neman hutu da rana. Kullum in ya ci abinci ya kwanta ya runtsa, ko kaɗan ne. Zuciya tana samun sarari, jinin yana sauka, kai yana washewa. Na farkon nan gargaɗi ne. In na biyu ya zo, ban yi miki alkawarin za ki koma gida da shi haka ba."

Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, likita." Na ji kamar in kwaɗa masa jakata.

Kwana biyu maƙwabta suka ɗaga mana ƙafa, suna shigowa da ruwan lemo da fuskar tausayi. Daga nan aka koma gidan jiya. Na shimfiɗa masa gado, na ja labule, ko juyawa ban yi ba na ji ƙwanƙwasa. Mai shago ne, wai famfon bayan shagonsa yana ɗiga.

"Yana barci," na ce.

"Ai ba wani aiki ba ne, Mama, ɗan murɗawa kawai zai yi."

"To ka murɗa mana. Ko hannunka ne ya shanye?"

Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Na rufe ƙofa, na juyo, sai ga maigida tsaye a bayana har ya sa takalmi ƙafa ɗaya. Ranar na san da wa nake yi.

Ni ɗinki nake yi a gida, kekena yana falo jikin taga. Sai na yanke wa kaina doka: da an ci abincin rana, keke ya yi shiru. Na karɓe wayarsa na jefa cikin tukunyar da ba ma amfani da ita, na rufe da murfi. Jakar kayan aikinsa na tura ta ƙarƙashin tarin yadi. Na datse wayar ƙararrawar ƙofa da almakashina. Sannan na ɗauko kujerar roba, na dasa ta a waje, a bakin ƙofarmu, cikin barandar da kowa yake bi ya hau bene. Na zauna da allura da zare ina kalmasa da hannu. Duk mai son Ba Komai, sai ya bi ta kaina.

Sun zo kuwa. Matar sama ta zo, wadda nake kira Mai Ƙwas-ƙwas saboda takalmanta da suke huda mana kai tun safe. Wai wurin wanke kwanukanta ya toshe, ruwa ya ƙi tafiya.

"Ki daina zuba mai da ragowar shinkafa a ciki, zai tafi," na ce.

"Haba Mama, maƙwabtaka fa?"

"Maƙwabtaka ce ta kwantar da shi a asibiti. Ranar da aka ɗauko shi kina ina? Ni na wanke shi, ni na ba shi abinci a baki. Ke lemo kika kawo."

Ta hau sama tana ƙunƙuni, takalmin yana faɗin sauran abin da bakinta bai faɗa ba.

Babbar fitinar ita ce Yaya, yayarsa da ta goye shi yana ƙarami, kuma har gobe ba ta bari kowa ya manta. Ba ta zuwa da safe, ba ta zuwa da yamma, sai rana ta take. Ta same ni a kujera, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Tashi in ga ɗan'uwana."

"Sannu da zuwa, Yaya. Yana barci. Ga wuri ki zauna, in kawo miki ruwa, in ya tashi kya gan shi."

"Barci da rana tsaka, namiji? A gidanmu ba a san wannan lalacin ba. Ke kika mayar da shi haka, kin raba shi da jama'a, kin raba shi da danginsa, kin kulle shi kamar kaza."

Na ajiye allurar don kada in soki kaina. Na ce, "Yaya, ina ganin girmanki, kuma ba zan daina ba. Amma in ya sake faɗuwa, ke za ki zo ki yi kuka ki koma gidanki. Ni za a bari da gadon da ba kowa a kai. Ƙofar nan ba za ta buɗu ba sai ya tashi da kansa."

Ta tafi ba ta sha ruwan ba. Kafin yamma dangi kaf sun ji cewa na zage ta tas.

A hankali sai ƙafa ta ɗauke. Baranda ta yi tsit da rana, ko yaran bene da suke sauka a guje kamar awaki sun koyi tafiya a hankali. Mai Ƙwas-ƙwas ma sai na lura in rana ta yi ba na jin takalminta. Na ce a raina, ashe kuna jin magana, sai an nuna muku hali. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har jikina ya nuna: ciwon kan da yake kama ni kullum da la'asar ya tafi, wuyana ya saki, ɗinkin yamma yana fita a miƙe ba sai na farke na sake ba. Wata mai kawo mini ɗinki ta ce, "Mama, me kike shafawa ne? Fuskarki ta yi kyau." Na ce kwanciyar hankali ce.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Shi wanda ake yi dominsa bai canja ba. Idanunsa ja, yana hamma tun kafin magariba, cokali yana karkarwa a hannunsa. In na leƙa shi bayan la'asar sai in same shi kwance lamo, ido a rufe, an ja bargo har ƙirji. Da muka koma asibiti, likitar ta auna shi, ta sake aunawa, ta ɓata fuska.

"Baba, kana kwanciyar ranar nan kuwa?"

Kafin ya buɗe baki na riga shi. "Kullum, likita. Ni nake gadinsa da kaina."

Shi dai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ta ƙara masa magani muka dawo, ina ta faɗa a hanya cewa maganin ne ba shi da kyau.

Ranar da abin ya fashe, girgiza ni aka yi. Na buɗe ido na ga fuskar Mai Ƙwas-ƙwas dab da tawa, ba takalmi a ƙafarta, tana haki.

"Mama, tashi! Tashi, Baba ne!"

Na ɗauka mafarki nake. Ina kan kujerata, allura ta faɗi ƙasa, miyau a gefen bakina. An rufa mini mayafina a kafaɗa, ni kuwa na san a kan keke na bar shi. An sa mini ƙaramin matashi tsakanin wuyana da bango, matashin da yake kan gadonmu. Ƙofar da nake gadi tana bayana a buɗe.

Ban san yadda na hau matakalar nan ba. Na same shi zaune a ƙasan kicin ɗinta, ya jingina da bango, rabin rigarsa a jiƙe, bututu a kwance a gefe, ruwan ƙazanta yana bin tayil. Sifana, ƙarfen da yake murɗa bututu da shi, tana ƙasa kusa da hannunsa na hagu, yana ta ƙoƙarin ɗaukarta, yatsun sun ƙi rufuwa. Ya ɗago ya dube ni. Bakin ya ɗan ja gefe.

"Ba ko..." ya fara.

"Ka ƙarasa," na ce. "Wallahi ka ƙarasa ka gani."

Mai shago ne ya kai mu asibiti a motarsa. A hanya, don tsoro ya kama mai shagon, ya dinga zuba kamar famfon da ya lalace, ba wanda ya tambaye shi. Ashe gidan gaba ɗaya sun sani. Ashe ba na daɗewa a kujerar nan kaina yake langaɓewa. Sai wanda ya fara gani ya sanar da saura cewa barci ya kwashe Mai Gadi. Mai bukata ya zagaya ta baya ya ɗan taɓa gilashin tagar ɗakinmu. Maigida kuma ya tashi, ya zaro jakarsa daga ƙarƙashin yadina, ya buɗe ƙofa a hankali, don har mai ya ɗiga wa ƙofar kada ta yi ƙara. Ya gyara mini wuya, ya rufe ni, ya raɓa ta gefena ya wuce. Kafin in farka ya dawo ya kwashe matashi da mayafi ya mayar, ya shige bargo.

Shirun da nake taƙama da shi, ashe ba tsorona ba ne, ba kuma tausayinsa ba. Lallaɓa ni suke yi kada in tashi. Iyaye suna tsawata wa yara saboda ni, Mai Ƙwas-ƙwas tana sauka da takalmi a hannu saboda ni. Gida guda, manya da yara, suka haɗa kai suna renon barcina don su samu su ci gaba da kashe mini miji.

Allah ya sake rufa asiri. Likita ta ce ƙaramin ne, ya taɓa ya saki, kafin dare bakin ya daidaita, yatsun suka fara motsi. Ba ta yi mana faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mama, an sake yi muku gargaɗi. Ban san ko akwai saura ba."

Da muka dawo gida ban shiga ɗaki ba. Na tsaya a gindin matakala na ɗaga murya yadda na saman sama zai ji. Na ce su fito su dube ni. Na ce duk wanda ya taɓa tagar nan, Allah ya gani, ni ma yanzu na sani. Na ce kun ga mutum ya dawo daga bakin kabari yana jan hannu, amma toshewar bututunku ta fi ransa? Kun iya tafiya da sanɗa don kada ku tashe ni, ba ku iya haƙuri ku bar shi ya runtsa ba? Ba ƙofar da ta buɗe. Na san suna bayanta a tsaye, ina ganin inuwar ƙafafunsu.

Sannan na shiga na same shi zaune a bakin gado.

"Kai kuma," na ce, "me na yi maka? Gaya mini abin da na yi maka da kake so ka bar ni ni kaɗai a gidan nan da waɗannan mutanen."

Ya dubi hannunsa na hagu. Sannan ya ce, "Maman yara, in mutum ya taɓa tagar nan, ina jin ruwan yana zuba a gidansa kamar a kaina yake zuba. Ba na iya kwanciya."

"To ni da ka tsallake fa? Ba ka iya tashina ka ce ga abin da ake ciki?"

"Na yi niyya, ranar farko." Ya murza yatsun hagun da na dama. "Na buɗe ƙofa na gan ki. Tunda na aure ki ban taɓa ganin kin yi barci da rana ba, kullum kina kan keke ko kina kan murhu. Goshinki ya saki, kin koma kamar yarinya. Sai na ga wanda ya tashe ki bai kyauta ba. Ban iya ba."

Na so in yi ihu, na so in fasa wani abu. Wato maganin da aka rubuta masa ni na shanye, ni na yi kyau, ni ciwon kaina ya tafi, shi yana sama yana kwance a ƙarƙashin bututun mutane. Na fita falo na zauna gaban keke, ina kuka ina zagin zaren da ya ƙi shiga allura.

A nan zaune maganarsa ta dawo mini. Ban iya ba. Wannan mutumin ba ya tsoron faɗana, ba ya tsoron likita, mutuwar ma ban ga alamar yana tsoronta ba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa a duniya, ya takura wa wani. Shekara da shekaru ina yaƙi da halin nan, ban taɓa cin nasara ba. To na gaji da yaƙi da shi.

Washegari da muka ci abincin rana, na ɗauki kujerar roba na kai bakin shago na ajiye, na ce wa mai shago ya riƙe, na bar masa. Na ciro wayar maigida daga tukunya na ajiye masa a kan tebur. Na jawo jakar kayan aikin na sa ta a tsakiyar falo inda zai gani. Yana ta bina da ido.

"Kwanta," na ce.

Ya kwanta. Na ja labule, na hau gadon, na kamo hannunsa na dama, mai lafiyar, wanda yake riƙe sifana da shi, na miƙar da shi a kan katifa. Na ɗora kaina a kai, na sa hannu na damƙe gaban rigarsa.

"Barci zan yi," na ce. "Ga ƙofa can ba makulli, ga jakarka. In ka ga za ka iya tashina, bismilla."

Na rufe ido. Barci kuwa ko alamarsa babu, zuciyata tafasa take yi.

Ba a jima ba na ji an taɓa gilashin taga, a hankali, da farce. Ko kunya babu, kwana ɗaya da dawowarmu. Muryar Mai Ƙwas-ƙwas ce, ƙasa-ƙasa: "Baba, yi haƙuri, bututun da ka kwance ne. Na ɗaure da tsumma ya ƙi, ruwa yana ta zuba. Ka gaya mini abin da zan yi kawai."

Na ji jikinsa ya ɗaure gaba ɗaya. Hannun da ke ƙarƙashin kaina ya motsa kaɗan, ya tsaya.

"Maman yara," ya ce, da raɗa.

Na saki numfashi mai nauyi, na ƙara lafewa.

Ya gwada zare hannun a hankali. Na yi ɗan gunaguni irin na mai barci, na gyara kai. Ya tsaya cak. Aka sake taɓa taga. Ina jin bugun zuciyarsa a kunnena, da sauri, ina jin yadda yake haɗiye miyau. Ya buɗe baki zai amsa mata, ya tuna bakinsa yana dab da kunnena, ya rufe. Can na ji tafiyarta tana komawa.

Sai ɗigar ta fara. Daga silin ɗin falo take saukowa, ɗis, ɗis, kuma na san daidai inda take sauka, don kekena yana ƙarƙashin kicin ɗinta. A kan keken akwai farin yadin wata mata da na yanka jiya, rigar da za ta karɓa jibi. Ruwan wanke-wanke ne, mai maiƙo, ba ya fita. Na ɗan buɗe ido, ta ƙofar ɗaki da na bari a buɗe ina hango gefen yadin yana canja launi. Duk jijiyar jikina tana cewa tashi ki janye shi, taku kaɗan ne.

Na ce a raina, ya zuba. Ya cinye yadin, ya cinye keken, silin ɗin ya rufto in ya ga dama.

Shi ma yana jin ɗigar, na sani, don duk saukar ɗaya sai yatsunsa sun motsa a bayan wuyana. Muka kwanta haka, kowa yana yi wa ɗan'uwansa ƙarya, ni ina barcin ƙarya, shi yana riƙe numfashi kada ya dame ni. Ban san iya daɗewar da muka yi ba. A hankali na ji yatsun sun daina motsi. Hannun ya yi nauyi, ya saki. Ƙirjinsa ya yi shiru har tsoro ya kama ni, na danna kunnena sosai ina saurare. Sai ga shi ya ja wani dogon numfashi, ya sake shi da minshari, irin mai ƙarar nan da na yi shekaru ina zungurinsa a kansa.

Hawaye suka gangaro mini suka jiƙa masa hannun riga, ban share ba, don sharewa motsi ne. Wuyana ya ƙage, ƙafata ta yi sanyi, ruwa yana ta sauka a kan farin yadin mutane. Ban tashi ba sai da ya farka da kansa.